Neman shawara: used to, be used to da get used to sun ruɗa ni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, bana zan zauna jarrabawar BAC ta kammala sakandare a nan Damagaram. A gwajin Ingilishi na makon jiya na samu 8 cikin 20, kuma jimloli uku ne suka fi cinye mini maki: "I am used to wake up at five", da "I use to go to Dolé market every Thursday", da "Zinder would be the capital of Niger". Mushe ya bi su duka da jan biro, lokaci kuma ya ƙure bai yi bayani ba. Don Allah ina kuskuren yake?

Wani malamin Ingilishi daga Birni:
Wa alaikumus salam 'yata. Abubuwa uku ne masu kama da juna, kuma Hausa ta riga ta raba miki su tun a gida.

Na farko, used to sai aikatau tsurarsa, ba ƙari a wutsiya. Shi ne "a da nakan yi, yanzu na daina". I used to wake up at five: a da nakan tashi ƙarfe 5. Wanda ya ji wannan zai fahimci cewa yanzu ba kya yi.

Na biyu, be used to, wato am, is, are, was ko were a gaba. Shi ne "na saba da". Abin bai zama miki baƙo ba, ba ya wahalar da ke. Na uku, get used to, shi ne hanyar zuwa can: "ina sabawa", "zan saba".

Inda kika faɗi shi ne kalmar to. A na farko, aikatau take jawowa. A na biyu da na uku kuwa tana aiki ne kamar "da" ta cikin "na saba da", kuma kin san abin da ke bin ta suna ne: na saba da zafi, na saba da tashin asuba. Ba ki cewa "na saba da na tashi". To haka Ingilishi. Ko dai suna, I am used to the heat, ko aikatau da aka mayar suna ta hanyar liƙa masa ing. Gyaran jimlarki: I am used to waking up at five.

Ga gwajin da za ki yi a ɗakin jarrabawa cikin daƙiƙa biyar: cire abin da ke bayan to, ki sa it. In jimlar ta tsaya, kamar I am used to it, to ing ake so. In ta karye, kamar I used to it, aikatau tsura ake so.

Wata malama daga Zango:
Ƙanwata, jimlarki ta biyu ba ta gyaruwa da ƙara harafi, don used to na dabi'a ba shi da siffar yanzu ko kaɗan. Lokacin da ya wuce kaɗai ya sani. In har yanzu kina zuwa kasuwar Dole, sai ki ce I usually go to Dolé market on Thursdays, ko ma I go kawai. In kin daina, I used to go.

Wurin da harafin d yake faɗuwa shi ne bayan did, don did ya riga ya ɗauki nauyin lokacin: I didn't use to like tea, Did you use to live in Mirriah? In kin sa never kuma, d ya dawo tunda ba did: I never used to like tea.

Wani ɗalibin jami'ar André Salifou:
Malama, a gafarce ni, amma ana ganin didn't used to a rubuce sosai, har a jaridun masu harshen.

Malamar Zango:
Ana gani, ƙanena, saboda a baki use to da used to sautinsu ɗaya ne, kunne ba ya raba su. Amma mai gyaran takarda ƙa'idar littafi yake bi. Ta rubuta didn't use to ta tsira da makinta.

Wani mai aikin fassara:
Bari in ɗauki ta ukun, don a nan Faransanci ne yake yi wa 'yan lakwal ɗinmu ƙafar ungulu. Imparfait, wato siffar Faransanci ta abin da ya gudana a da, shi kaɗai yana ɗaukar komai: je jouais, j'habitais, j'avais. Ingilishi ya raba kayan biyu. Would yana ɗaukar aikin da ake maimaitawa kawai, abin da ake yi a gama, a sake yi. Ba ya ɗaukar hali ko yanayin da aka zauna a cikinsa, irin be, have na mallaka, live, know, like, believe. Zama babban birni hali ne, ba aikin da ake tashi kowace safiya a sake yi ba. Damagaram ce hedikwatar Nijar ta zamanin mulkin mallaka har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da ita Yamai, saboda haka: Zinder used to be the capital of Niger. Abin da kika rubuta da would, mai karatu zai ɗauka sharaɗi ne, wato "da Damagaram za ta zama babban birni in da...", ya zauna yana jiran sauran maganar.

Kuma ko a kan aiki, would yana son a fara shimfiɗa masa lokaci. When we were children, we would fetch water before school. In kika jefo shi haka kawai a farkon magana, ba a san wane zamani kike nufi ba. Masu iya rubutu sukan buɗe da used to, su ci gaba da would don kada maimaici ya yi yawa.

Akwai wani rami da ba ki faɗa cikinsa ba tukuna. In kin ambaci sau nawa ko tsawon lokaci, used to da would duka biyun ba sa shiga. I lived in Maradi for three years, I went to Kano twice. Ba a sa used to a waɗannan.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Amma Malam, a littafinmu akwai "This knife is used to cut meat". Ga is, ga used to, kuma babu ing. Kuskuren bugu ne?

Malamin Birni:
Ba kuskure ba ne, kin yi ido. Wannan wani gida ne daban: aikatau use na amfani, a siffar da ake ɓoye mai aikin. Ma'anarsa ana amfani da wuƙar a yanka nama. Tambayi kanki, wuƙa tana sabo? Ba ta yi. Mai rai ne ke sabo, galibi. A furuci ma sun bambanta: na amfani da sautin z yake fita, kamar "yuzd", na sabo da na dabi'a kuma da s, kamar "yustu".

Get used to ne ban ba shi haƙƙinsa ba ɗazu. Get ɗin ne ke juyawa da lokaci, sauran ba ya motsi: I am getting used to the dust, she got used to it, you will get used to the cold, I can't get used to it. Gwada waɗannan biyu. Mutanen Najeriya a hagu suke tuƙi a da, sai a 1972 suka koma dama. Sannan: direban da ya je Ingila dole ya saba da tuƙi a hagu.

Mai tambaya:
Nigerians used to drive on the left. A driver who goes to England must get used to drive on the left.

Malamar Zango:
Ta farko ta yi. Ta biyun, sa it bayan to ki ga ko ta tsaya, sannan ki sake turo ta.