Don Allah shawara: maganin kashe yunwa a kan maganin damuwa

Wata 'yar uwa:
Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Wata 14 ke nan ina shan sertralin miligiram 100 kullum, tun ciwon damuwar da ya kama ni bayan rasuwar mahaifiyata. Alhamdulillah hankalina ya dawo, sai dai na ƙaru da kilo 9, kayana duk sun matse ni, dangin mijina kuma ba su da zance sai jikina, har a gaban mutane suke faɗa. Sai na sayi wani kafson rage ƙiba ta intanet, an rubuta ganye ne zalla. Yau kwana 4: yunwa ta ɗauke cak, amma gabana na bugawa, hannuna na rawa, ga gumi, barci babu. In dakatar da sertralin ne in ci gaba da kafson?

Mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kafson za ki ajiye, yau kuma ki ga likita da kwalbar a hannunki. Abin da aka fi kamawa a ɓoye cikin irin waɗannan kafso shi ne sibutramin, maganin kashe yunwa da aka janye daga kasuwar Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ga yadda abin yake: jijiyar ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna sirotonin ya isar da saƙo, sannan ta tsotse shi ta mayar. Sertralin yana toshe hanyar tsotsewar. Sibutramin ma ita yake toshewa, ya haɗa da ta wani sinadarin saƙon, noradirenalin. Sirotonin da ya taru yana taɓa makarɓinsa mai suna 5-HT2C a haifotalamus, wato sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa, sai mutum ya ji ya ƙoshi. Noradirenalin kuma ya ƙara saurin bugawar zuciya da hawan jini. Magani biyu a ƙofa ɗaya, sirotonin zai iya yin yawa har ya zama guba. In zazzaɓi, gudawa, ruɗewa ko fizgar tsokar ƙafa suka shigo, sashen gaggawa za ki nufa nan take. Kada ki ƙara tiramadol a kai. Sertralin kuwa likita ne zai yanke hukuncinsa. Katse shi kwatsam yana kawo jiri, tashin zuciya, da dawowar damuwar.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, ka yi saurin kama suna. Kafeyin mai yawa ma yana kawo rawar hannu da rashin barci, haka fentermin, wani maganin kashe yunwar, wanda ya fi taɓa noradirenalin. 'Yar uwa, zauna minti 5 ki ƙirga bugunki, ki auna hawan jini. Ya wuce 100 a minti ko 140/90? Abin da ke ƙona mini rai, a rubuta wa mutum maganin damuwa shekara guda ba wanda ya ɗora shi a sikeli, sai ƙiba ta tura shi hannun 'yan kasuwar intanet.

Wani ɗan uwa:
Ta nemi semaglutid mana. Allura ce sau ɗaya a mako, ana fara ta da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk mako 4 har 2.4. Kwaikwayon sinadarin GLP-1 na hanji take yi, ba ta toshe hanyar sirotonin. Illarta tashin zuciya, kuma in an daina yunwar tana dawowa.

Mai harhaɗa magunguna:
Ba a kai can ba tukuna. Ko kafeyin ne ko sibutramin, ba wanda ya san abin da ke cikin kafson, ba kuma a gwajin awo a gida da zuciyar da ke bugawa haka. Ku dubi tarihin magungunan kashe yunwa: fenfluramin an janye shi a 1997 don ya taɓa wani makarɓin sirotonin, 5-HT2B, ya lalata marfin zuciya, rimonabant a 2008 a Turai saboda damuwa da tunanin kashe kai, lorkaserin a 2020 saboda haɗarin ciwon daji. Waɗannan ma an gwada su kafin a sake su. 'Yar uwa, akwai yiwuwar juna biyu? Wane magani kuma kike sha?

Wata 'yar uwa:
Na gode Malam, na gode Anti. Amma kilo 2 na sauke fa, kuma masu saye da yawa sun yaba a shafin. Sau biyu na yi wa likita zancen ƙibar, ya ce in riƙa tafiya. In na koma rabin kafso fa, da safe kawai?

Ma'aikaciyar jinya:
Rabin abin da ba ki san awonsa ba? Kilo 2 a kwana 4 yawanci ruwa ne. Nawa kika samu da kika ƙirga bugun?

Wata 'yar uwa:
Ban ƙirga ba tukuna. Na yau dai na riga na sha.