Ƙanin mijina ya aiko neman gafara, zuciyata ta ƙi

Maman Marayu, Sabon Gari: Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Bayan rasuwar maigidana, ƙaninsa ya sayar da shagon marigayin da ke kasuwar Sabon Gari, ya cinye kuɗin. Babbar 'yata ta bar makaranta, ni na koma suyar ƙosai a bakin titi. Yanzu yana kwance ba lafiya, ya aiko wai in yafe masa. Ko Addu'ar Ubangiji nake yi, da na kai wajen gafarta wa masu yi mana laifi sai bakina ya yi nauyi. Ga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a coci don tunawa da mutuwar Almasihu, ran Lahadi. Dole ne in je wurin ƙanin mijin nawa?

Dattijon ikilisiya: 'Yata, sannu da haƙuri. Gafara umarni ce, Matiyu 18:21-22. Amma karanta Farawa 42 zuwa 45. Yusufu bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa ranar farko ba, sai da ya gwada su, ya yi kukansa a ɓoye. Ki bar wa Allah ramuwa, amana kuwa a hankali take dawowa.

'Yar zumuntar mata: Baba, haƙƙin marayun fa? Da Zakka mai karɓar haraji ya tuba, cewa ya yi zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, Luka 19:8. Kullum gwauruwa ake ce wa ta yi haƙuri.

Dattijon ikilisiya: Gaskiyarki. Kada ta je ita kaɗai. Fasto da dattawan dangi su raka ta, a yi maganar kuɗin makarantar yarinyar a gabansu.