Lissafin girman ƙwaƙwalwa yana zagayowa a direban Linux

Salamu alaikum. Ina rubuta direban na'urar karanta kati (manhajar da ke haɗa na'urar da Linux) a Ikeja, kan allon ARM mai bit 32, kernel (zuciyar Linux) 5.15. Tsarin bayanan yana ƙarewa da jeri marar tsayayyen tsawo, adadinsa daga ioctl (kiran da manhajar mai amfani ke yi wa direba) yake zuwa, sai ƙarin wasu bayit a bayansa.

Da sizeof (mai ba da girman abu a bayit) da ninkawa na fara lissafin girman, babban adadi ya kifar da na'urar. Na koma struct_size(), mai lissafa girman irin wannan tsari, amma idan lissafi ya cika ya tumbatsa SIZE_MAX (adadi mafi girma da ma'aunin girma zai iya ɗauka) yake bayarwa, ina ƙara bayit ɗin nan sai jimillar ta zagayo ta zama 'yar ƙarama. kzalloc, mai ware ƙwaƙwalwa, ya amince abinsa, KASAN kuwa, mai gano kurakuran ƙwaƙwalwa, ya kama slab-out-of-bounds (an wuce iyakar ƙwaƙwalwar da aka ware) wajen copy_from_user, mai kwafo bayanai daga manhajar mai amfani.

Yaya ake haɗa girma biyun nan, na struct_size() da na ƙarin bayit, ba tare da jimillar ta zagayo ba?