Batirin a6400 ya kunyata ni a wajen kamu, ina neman mafita

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum manyanmu. Ina da kyamara Sony a6400, da ita nake ɗaukar biki da walima, da azumi kuma tafsiri. Batiri ne ya sa ni a gaba. Guda huɗu gare ni, samfurin NP-FW50 da kyamarar ke ci, ɗaya na asali uku na kasuwa, kuma da ƙyar kowanne yake kai minti 45 in ina ɗauka a 4K. Ranar Asabar a wajen kamu, daidai lokacin da dangin ango suka zo fesa wa amarya turare, kyamara ta ɗauke. Kafin in kwance ta daga kan ƙafa in canza batiri an gama, guɗa kawai na tarar. Har yau uwar amarya ciki-ciki take amsa gaisuwata. Na ga wasu suna ɗaura ƙaton batiri a jikin kyamara. Wanne zan saya wanda ba zai ƙona min ita ba? Ita kaɗai ce jarina.

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam. Oga jona mata fawa banki ta USB kawai, ka huta. Ni haka nake yi.

Injiniya: Auta bai yi ƙarya ba, a6400 tana shan wuta ta USB tana ɗauka, amma dole batirinta yana ciki, kuma in aiki ya yi nauyi za ka ga yana raguwa a hankali. Abin da ya fi damuna shi ne bakin nan micro USB ne. Yaro ɗaya ya ja wayar a wajen biki, bakin ya tafi. Ga tafsiri da kyamara ke zaune wuri ɗaya, babu laifi. Ga biki, a'a.

Ƙanina, ka nemi batirin bogi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa dami. Siffarsa ta FW50 ce sak, amma fanko ne, waya ce ta fito daga gindinsa. Akwai 'yar roba a murfin gidan batirin da ake ɗagawa wayar ta wuce. Sai ka haɗa shi da farantin NP-F, wato mazaunin da ake ɗora batiri a waje, da ƙaton batiri NP-F970. Dalilina: shi da FW50 duk bolt 7.2 ne, in sun cika su kai 8.4, don haka kyamara ba ta ga baƙon abu ba. Bambancin yawan wuta ne, wanda ake aunawa da mAh (yawan caji) ko da Wh (bolt sau mAh a raba da dubu, wato ainihin wutar da ke ciki). FW50 mAh 1020 ne, wajen Wh 7 ke nan. F970 na asali mAh 6600 ne, wajen Wh 47. Ka ga ya ninka shi shida da ɗoriya.

Kuma don Allah a daina auna batiri da mAh kaɗai. Fawa bankin da aka rubuta wa 20000 a kan bolt 3.7 aka ƙirga shi, wato Wh 74, kuma wani kaso yana tafiya a zafi wajen ɗaga wutar. Wh za ka duba.

Baba Mai Hoto: Yaro, ka riƙe maganar Injiniya, ni kuma ga tawa. Shekarun baya na ari batirin V-mount, irin na manyan kyamarori, wajen wani abokin aiki, na sayi dami mai kan D-tap, wato mai shiga bakin wutar wannan batirin, a wani shago, ban tambayi komai ba. Shi V-mount bolt 14 da ɗoriya yake bayarwa, in ya cika har 16.8. Wayar ashe babu abin rage wuta a cikinta. Ƙauri kawai na ji. Tun ranar ba na jona sabuwar waya sai na sa mitar auna bolt na ga bai wuce 8.4 ba. Kuɗin mita bai kai na katin memori ba.

Maman Ilham: Ni nake ɗaukar ɓangaren mata a nan Damagaram, kuma F970 ɗin nake amfani da shi. Abin da ba su faɗa maka ba: da dami, lissafin kason batiri da kyamara ke nunawa ba abin dogaro ba ne. Tana iya nuna maka da saura, ta mutu ɗif. In kuwa ta mutu kana tsakiyar ɗauka, fayil ɗin yana iya lalacewa gaba ɗaya, ba ƙarshensa kaɗai ba. Ni ina yanke ɗauka duk bayan minti 20 ko 30, kuma na san awannin da batirina yake yi don na gwada shi a gida har ya ƙare. Ka yi haka kafin ka kai shi gidan mutane.

Zafi kuma ya ɗan ragu mini tunda batirin ya koma waje. Duk da haka ka janye allon daga jikinta, ka mai da saitin kashe kanta saboda zafi, wato Auto Power OFF Temp., zuwa High, musamman watan Afrilu.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri, na gamsu. Saura ɗaya Injiniya: ina da ƙaramin allo na waje mai karɓar hoto ta wayar HDMI, zan iya ba shi wuta tare da kyamarar daga batiri ɗaya?

Injiniya: Ana yi, amma nan ne bakin HDMI yake ƙonewa. In dole ne, fara jona wayar wuta ga kowanne, HDMI daga ƙarshe. Wajen cirewa kuma HDMI za ka fara zarewa. Ni dai na fi so allon ya ci nasa batirin daban. Kuma F970 da ka ɗaga ka ji shi sakayau a hannu, ajiye musu kayansu.

Autan Hajiya: To ni ma a turo min hoton damin nan, kada in je a haɗa ni da irin na Baba.