Hawan Attajiri da Saukarsa

Baffa, daga Mai Wurno a ƙasar Sudan:
Ku matso, 'ya'yana, ga zancen dukiya,
Yadda take hawa da sauka a duniya.
Amurka, 1928, mutum ɗaya cikin ɗari
Ya riƙe kusan rubu'in samun ƙasa baki ɗaya.
Kasuwar hannun jari ta rushe a 1929,
Yaƙin duniya na biyu ya biyo baya.
A 1944 haraji ya kai kashi 94
Kan kuɗin da ya haura iyaka, ba duk jaka ɗaya.
Ana shiga shekarun 1970 rabon manya
Ya dawo wajen kashi 10, ya sha wuya.

Ɗan Gadarif:
Baffa, a gafarce ni, ban gamsu ba,
In yaƙi ke daidaitawa, mu ba mu gani ba.
Tun Afrilun 2023 muke cikinsa,
Mai bene a Khartum ya sauka Alƙahira, bai rame ba.
Mai zinare yana nan da zinarensa,
Ni fam ɗina ko mudun dawa bai saya ba.

Inna, daga yankin Jazira na Sudan:
Ɗana, bar kuka, ka ji ta tsohuwa,
A hawasha, wato gonar haya, na girma ina tsinkar auduga da ƙishirwa.
Dam ɗin Sennar, 1925, ruwa ya zo,
Aka raba riba uku, babu gardamawa:
Arba'in gwamnati, arba'in mai hawasha,
Ashirin kamfanin Ingila ke kwashewa.
Mu masu kwando ba ma cikin lissafi,
Da yamma a auna, a miƙo abin sayen daddawa.
Kamfani ya tafi a 1950,
Kwandon uwata bai canza nauyi ba kuwa.

Baffa:
Yaya, kin taɓa inda ke min ƙaiƙayi.
Ɗana, harsashi bai taɓa rabon gaskiya ba,
Haraji ne da ƙungiyar ƙwadago suka ja igiya.
Thatcher ta Ingila ta sassauta ta a 1979,
Reagan na Amurka a 1981 ya bi hanya,
Sai ga manya sun sake hawa kamar jiya.

Inna:
Malam, baitinka na farko ya karye,
"Ƙaiƙayi" bai hau kan "igiya" ba, ka gyara.
Kuma ka faɗa min, ƙungiyar nan taka,
Ta rubuta sunan mai kwando, ko sai mai gona ta tara?