Busta na rediyon mota: in saya ko in bari, kuma ina za a ɗauko wutar?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa yi nake nema. Motata Camry ce 2010, ta Amurka. Watan jiya na kai ta Magazin, unguwar makanikai ta Suame, aka cire rediyon da ta zo da shi, aka sa mini allon Android saboda taswira. Tun ranar rediyo bai ƙara daɗi ba. A cikin garin Kumasi tashar Zuria 88.7 tana kamawa da ɗan shuuu, amma da na wuce Ejisu a hanyar Konongo shi ke nan, alhali da tsohon rediyon ina jin ta har gaba da nan. Yaron da ya yi aikin ya ce busta zan saya, wato abin da ke ƙara wa eriya ƙarfi, ya ja masa wuta kai tsaye daga batir. Azumi ya kusa, ba na so tafsiri ya riƙa wuce ni a hanya. In saya? In na saya, daidai ne a ɗauko daga batir?

Baba Tasha:
Wa alaikumus salam. Ɗana, rediyon Japan ne matsalarka. Nasu daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, namu kuwa 87.5 ne zuwa 108. Vitz ɗina haka ya yi, yana kama Zuria amma Nhyira 104.5 ko alama. Ƙaramin akwatin da ke faɗaɗa lamba aka sa mini.

Ɗan Aboabo:
Baba, ta Amurka na ce, kuma allon sabo ne. Lambobin duk suna nan.

Mai Taksi Asawase:
Ɗan'uwa, don Allah kada ka bari kowa ya ja maka waya daga batir. Ni aka yi wa. Wani mai waya, ba zan kira sunansa ba, ya sa mini busta, ya ɗaura jar waya a kan batir, ya cusa ta ramin bodi ta shiga ciki, babu fiyus, babu roba a bakin ramin, sai sulutif. Na tambaye shi, ya ce wutar da abin ke ci ba ta kai komai ba. Farko dai in motar ta kwana biyu a ajiye ba ta tashi sai an tura. Na sayi sabon batir, haka. Na canja altaneta, haka. Ashe busta ne ke shan wuta dare da rana, makulli yana aljihuna. Sai wata ranar Juma'a, na ɗauko wata mata da yaranta daga Kejetia, muna cikin cunkoso wajen Anloga, na ji warin roba, hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin sitiyari. Ƙarfe ya cinye bayan wayar ta taɓa bodi. Allah ya taimake ni wani direban trotro, wato bas ɗin haya, ya zo da sifana ya cire kan batir. Wayoyin dashbod rabi sun narke. Motar ba tawa ba ce, kullum sai na kai wa mai ita kuɗin yini, kuma duk zaman da ta yi a gareji bashi ne a kaina. Na koma wurin mutumin ya ce ai ba shi ya ƙera waya ba. Har yau in na bi ta layinsu raina ɓaci yake.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi. Sannu ƙanena. Yaran ba abin da ya same su dai ko?

Mai Taksi Asawase:
Lafiya lau suka fita Hajiya, amma uwar ta zage ni tas a gaban jama'a, kuma ba ta yi laifi ba.

Sabon Zango Boy:
Busta sidi 80 na saya a Adum, yana aiki.

Baba Tasha:
80? Wannan ba busta ba ne, kwali ne da fitila. Na kirki ya fi haka tsada.

Ɗan Aboabo:
Ni yaron 200 ya ce mini har da kuɗin aiki.

Masta Waya:
Ku saurara, aikina ke nan a Suame. Ɗan Aboabo, je ka duba gilashin bayan motarka, za ka ga siraran layuka a sama da na busar da raɓa. Eriyarka ke nan, kuma Camry irin taka tana da nata busta tun daga kamfani, a ɓoye kusa da gilashin. Tsohon rediyon ne ke ba shi wuta. Masu sa allo da yawa suna barin wayar a rataye. A bayan allon akwai shuɗiyar waya, ita ce ta eriya, ita za a haɗa da ta motar. Wataƙila ba ka buƙatar sayen komai. In ma ya kama sai an sa sabo, wutarsa daga shuɗiyar za ta fito, ko daga jar da ke kawo wuta sai an murɗa makulli. Rawayar ita ce mai wuta kullum, a bar ta. Baƙar a ɗaure ta da ƙarfen bodi wurin da babu fenti, a sa ƙaramin fiyus a kan wayar da ke kawo wutar. Kuma ku sani busta ba ya kawo tashar da ba ta iso wurin ba. In dutse ya tare, kamar wajen Nkawkaw, hayaniya kawai zai ƙara maka.

Sabon Zango Boy:
Masta, ni a YouTube na gani, na haɗa da kaina a soket ɗin sigari, ban biya kowa ba.

Masta Waya:
Yaro, soket ɗin wasu motocin ba ya mutuwa ko an zare makulli. Ka gwada naka da mita kafin ka koya wa mutane.

Mai Taksi Asawase:
Da girmamawa Masta, wanda ya ƙona mini mota shi ma Masta ake ce masa, yana da yara shida a ƙarƙashinsa. Ni yanzu maganar wanda abin ya ci kawai nake ji.

Masta Waya:
To ai abin da ya cinye ka shi nake hana shi. Ina muka saɓa?

Alhaji Tafo:
Ku bar faɗa. Ɗan Aboabo, ɗauki malami guda ka ajiye a kujerar gaba, ba shuuu, ba fiyus, sai dai kuɗin koko da ƙosai.

Hajiya Mai Atamfa:
Alhaji kai dai! Ni tawa cajar waya ce ta jawo. Ƴar arha ce na saya a hannun masu yawo, in na soka ta rediyo ya fara tsuwa, in na zare ya washe. Ɗana gwada zare taka tukuna.

Masta Waya:
Gaskiyar Hajiya. Har ƙwan fitilar LED mai arha yana yin haka.

Baba Tasha:
Ni batir ɗin da aka ambata ne ya tsaya mini a rai. Wa ya san inda ake samun na gaskiya yanzu? Na bara ko damina bai ƙare ba ya mutu, na mayar suka ce takardar garanti ba ta shafi motar haya ba. Lokacin karɓar kuɗi ba su faɗa ba.

Alhaji Tafo:
Kai naka mutuwa ya yi. Nawa a ƙofar gida aka ɗaga bonet da dare aka tafi da shi, har da kan wayoyin. Yanzu sarƙa da kwaɗo na sa.

Ɗan Aboabo:
Masta, shuɗiyar guda biyu na gani a bayan allon, ɗaya da farin layi. Wacce?

Mai Taksi Asawase:
Alhaji, a layinmu motoci uku aka yi wa a dare ɗaya, kuma muna biyan mai gadi duk wata. Sarƙar nawa ka saya?