Musayar waƙa kan Lisa Brennauer, gwanar keke ta Jamus

Rabi Gwammaja:
Assalamu alaikum. Yau da Lisa Brennauer zan buɗe, wadda ta lashe tseren agogo na duniya (inda kowa ke tuƙi shi kaɗai ana auna lokacinsa) a Ponferrada ta Sifaniya a 2014. Mai baiti ya sako.

Ku ba ni fili in yabi gwanar Jamusawa,
Lisa 'yar Kempten, kekenta ba ya tsayawa.
Ita kaɗai a kan titi, agogo na ƙirgawa,
Duk matan duniya suka kasa cim mata, ba musantawa.

Malam Ilu:
Hajiya Rabi, kin yi gaggawar naɗawa,
Judith Arndt ce babba, ke ce ba kya tunawa.
Kambun titi na Verona ita ta yi ɗaukewa,
Lisa ta biɗe shi, 'yar Faransa ta hana ta kaiwa.

Gasar duniya ta Verona a Italiya, 2004, nake nufi, wadda Judith, ita ma 'yar Jamus, ta ci. A Ponferrada kuwa Ferrand-Prévot 'yar Faransa ce ta ci tseren titi, Lisa ta tashi da azurfa.

Rabi Gwammaja:
Malam Ilu, tsufa ne ke sa ka waiwayawa,
Ƙirga na Olamfik in dai kana iyawa:
Tagulla a Atlanta, azurfa biyu na biyowa,
Zinaren da Judith ta rasa, Lisa ke ratayawa.

Sadiya Maraɗi:
Allah ya ja zamaninki, Hajiya! Malam ya je ya huta, magana ta ƙare.

Malam Habu:
Ku dakata. Hajiya, ɗango na huɗu a baitinki na farko ya zarce 'yan'uwansa, numfashi ke ƙarewa kafin a kai ƙarshe. Kuma amsa-amon "wa" ya fi kowane araha. Kari ake nema.

Rabi Gwammaja:
Da murya nake awo, Malam Habu, ba da ƙirgen yatsu ba. Rera shi ka ji.

Malam Habu:
Na rera, ɗingishi yake. Shi ma Malam Ilu cusa "ta yi ɗaukewa" ya yi don ya samu "wa".

Malam Ilu:
Habu mai awon gaɓa, kullum kana gyarawa,
Kawo naka baitin mu ga irin iyawa!

Nura Zariya:
Na makara, a gafarce ni. Amma zinaren Olamfik na Tokyo da Lisa ta rataya na mutum huɗu ne. A 2021 suka doke Birtaniya a kilomita 4, cikin minti 4:04.242, sabon tarihi na duniya.

Yaya Rabi, su Kröger ina kika bar su?
Da Klein da Brauße, zinaren ai nasu.
Ta gaba ta tsaga iska don ta sauƙaƙa musu,
In ta gaji ta hau gefe, ta koma bayansu,
Da ta uku ake tsai da agogo, ba da gwanarsu.

Malam Habu:
Yauwa, ga ƙwar biyar da ta zauna! Nura kaɗai ya san kari a nan.

Sadiya Maraɗi:
Son kai ne, Malam, don ɗan garinku ne.

Rabi Gwammaja:
Ƙanena Nura, je Roubaix ka yi dubawa,
A shekarar nan dai, babu mai taimakawa,
Kilomita uku a katako ita kaɗai take zagawa,
Brauße da Kröger a bayanta suke biyowa.

Gasar duniya ta tseren keke a filin katako da aka yi a Roubaix ta Faransa nake nufi.

Malam Habu:
Ɗango na uku ya sake zarcewa, Hajiya. Cire "ita kaɗai" ki sake rerawa.

Rabi Gwammaja:
Ba zan cire ba. A kansa baitin ya tsaya.